Shinkafa ce ke kawo teɓa, ko abin da ake zuba mata?

A garuruwan da ake noman shinkafa, irin su Kura da Bunkure da Garun Malam, da can wajen Auyo da Haɗeja, shinkafa ta daɗe da tashi daga abincin sallah da suna ta koma abincin kullum. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya fara shiga gonakin Kadawa, noman rani ya kafu, gidan da a da sai ranar biki ake jin ƙamshinta yau sau biyu ake ɗora ta. Sai kuma ga wani abu ya biyo baya: magidanci ɗan shekara arba'in tumbi ya ɗage masa gaban riga, uwargida tana kukan gwiwa saboda nauyin jiki. Mutane suka haɗa wannan da wancan suka yanke hukunci, "Ai shinkafar nan ce." A majalisa kuma ba a rasa mai cewa, "Haba Alhaji, mutanen Sin da Japan fa sun fi mu cin shinkafa, ga su nan sirara." Kowannensu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, kuma duk wanda ya tsaya a kan ɓangare ɗaya zai cutu.

A fara da lissafi. Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da abin da ake kira kalori, kamar yadda ake auna fetur da lita. Abin da jiki ya ƙona wajen aiki da tafiya da numfashi ya tafi, abin da ya yi saura shi ake adanawa a matsayin kitse. Giram 100 na tsabar shinkafa da ba a dafa ba yana da kalori wajen 360. Gero da dawa da masara duk suna nan tsakanin 330 da 380. Wato wanda ya rantse ya bar shinkafa ya koma tuwon masara, amma malmalar tana nan yadda take, bai rage komai ba ta fuskar ƙiba.

Ma'aunin da kowace mace ta sani shi ne gwangwanin madara. Idan an cika shi da shinkafa yana ɗaukar kusan giram 150, kalori wajen 540 ke nan. In ta dahu ta sha ruwa, takan ninka nauyinta kusan sau uku, ta haura giram 400. A wurin yawancin manya a nan, gwangwani ɗaya shi ne cin mutum ɗaya a zama ɗaya, wani ma sai an ƙara masa. Ɗan kwanon da mutumin Japan ke riƙewa a tafin hannunsa kuwa giram 150 na dafaffiya yake ɗauka, kalori 240 zuwa 250. Farantinmu ɗaya ya fi kwanonsa biyu tun kafin a zuba komai a kai.

Abin da ake zubawa a kai ɗin shi ne inda maganar take. A tsaya gaban mai garau-garau da hantsi a duba hannunta: ta zuba shinkafa da wake, ta tsoma ludayi cikin robar mai ta kewaya kwanon da shi, mai saye ya ce, "Inna, a ɗan ƙara mai," ta ƙara, har sai an ga yana kwanciya a gindin kwano, sannan a barbaɗa yaji. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, ko man gyaɗa ne, ko manja, ko na jarka, duk kusan ɗaya suke. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Cokali uku, wanda ba a ma ɗauke shi da yawa ba a kwanon garau-garau, ya kai 360, daidai da giram 100 na tsabar shinkafa, kuma ba ya cika ciki ko kaɗan. A kora da lemon kwalba mai rabin lita, wanda ke ɗauke da sukari wajen giram 50, ƙaramin cokali 12 ko 13, kalori 200. A haɗa: 540 da 360 da 200, an haura 1,000 a zama ɗaya, rabinsu kuma ba daga shinkafar suka fito ba.

Ga wanda zai wuni a fadama yana kaftu ko dashe ko yankan shinkafa, wannan ba komai ba ne, don jikinsa na iya buƙatar kalori 3,000 ko fiye a rana. Shi ya sa da wuya ka ga ɗan ƙwadago da teɓa. Amma wanda ya koma zaman shago, ko dillanci a kasuwa, ko yake zuwa gona a kan babur ya tsaya yana duba ma'aikata, buƙatarsa ba ta wuce 2,000 zuwa 2,300 ba, mace mai zaman gida ƙasa da haka. Aikin da ke ƙone abincin ne ya ragu. Feshi ya karɓi wani kaso na aikin fartanya, injin ya karɓi surfe da niƙa da daka, famfo ya karɓi jan guga. Duk wannan sauƙi ne, babu mai fatan a koma wahalar da. Sai dai kwanon bai ragu ba lokacin da aikin ya ragu, kuma mata ne abin ya fi kamawa, domin turmi da taɓarya su ne suka kasance motsa jikinsu, yanzu kuwa wata sai ta wuni tsakanin ɗaki da madafa.

To, mutanen Asiya fa? Hujjarsu tana da ƙarfi. A Japan, waɗanda ƙibarsu ta kai matakin da likitoci ke kira cuta ba su wuce biyar cikin ɗari na manya ba. A Amurka sun kai arba'in cikin ɗari, alhali cin shinkafarsu bai kama ƙafar na Japan ba. A Biyetnam mutum ɗaya na cin sama da kilo 100 a shekara, kuma ƙasar tana cikin mafi ƙarancin masu ƙiba a duniya. Wani abin lura ma shi ne, a 1962 mutumin Japan yana cin kilo 118 na shinkafa a shekara, yau ya sauko wajen kilo 50, an maye gurbinta da burodi da nama da soye-soye, kuma a daidai wannan tsakanin ne nauyin mazajensu ya ƙaru. Da shinkafa ce mai laifin, da akasin haka za a gani. Akwai ma wani likita, Walter Kempner, da ya fara ɗora masu hawan jini da ciwon ƙoda a kan abincin da kusan duk shinkafa ce da 'ya'yan itatuwa, ba mai ba gishiri, a Jami'ar Duke ta Amurka a 1939, sai ga majinyatan suna ramewa. Tsari ne mai tsanani da aka yi a ƙarƙashin kulawar asibiti, ba abin gwadawa a gida ba ne, amma ya nuna shinkafa ita kaɗai ba ta tara kitse.

Yadda suke cin ta ne ya bambanta da namu, kusan a juye. Mu muna tula shinkafa a babban faranti, a ɗora ɗan abin haɗi a sama. Su kowa da ɗan kwanonsa na shinkafa, fara sol, da ruwa kawai aka dafa ta, ba mai ba gishiri, sannan a kewaye ta da ƙananan kwanoni: romo mai ruwa-ruwa da aka yi da wani abu mai kama da daddawar waken suya, ɗan kifi gasasshe, ganye iri biyu ko uku, da awara. Awarar nan tamu ce dai, sai dai su galibi a romo suke jefa ta ko su ci ta haka nan, mu kuwa sai ta yi iyo a kaskon mai. Shayinsu ba sukari. Cin abinci da 'yan sanduna biyu yana sa loma ta zama ƙarama, a daɗe ana ci, ƙoshi ya riski mutum kafin ya wuce gona da iri. A tsibirin Okinawa suna da al'adar tsame hannu idan ciki ya cika kashi takwas cikin goma. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi, tunda an karantar da mu a raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Suna kuma tafiya a ƙasa da hawa keke sosai, kuma tun 2008 dokar ƙasar ta sa ana auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74 duk shekara.

A cikin Japan ɗin dai akwai 'yan kokawar sumo, ƙattin nan masu nauyin kilo 150 ko fiye. Su ma shinkafar suke ci. Bambancin shi ne ba sa karyawa, sai sun gama atisaye su zauna su ci kwano bayan kwano, sannan su kwanta barci. Da gangan suke yi don su yi nauyi. Duk wanda ya saba cika ciki da rana ya miƙe a kan tabarma har la'asar, ya sani hanyarsu ya bi.

Amma ina roƙon mai kafa hujja da sirantar mutanen Asiya ya tsaya ya ji sauran zancen, don nan ne abin tsoron yake. Siranta ba ta hana su ciwon suga ba. A ƙasar Sin, a 1980 masu ciwon ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, zuwa 2013 sun haura goma cikin ɗari na manya, bayan jama'a sun bar gona da keke sun koma birni da mota, mai da nama sun ƙaru a tukunya. A Indiya wani babban bincike da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon da mutum miliyan 101. Da yawansu in ka gan su ba za ka kira su masu ƙiba ba, kitsen a cikin ciki yake taruwa, kewaye da hanta da hanji. Masana na Jami'ar Harvard sun tattara bincike da dama a 2012, suka ga cewa duk ƙarin kwano ɗaya na farar shinkafa a kullum yana tafe da ƙarin haɗarin ciwon suga da kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma abin ya fi fitowa fili a Asiya. Wani binciken na 2020 da ya bi mutum sama da 130,000 a ƙasashe 21 ya sami ƙarin haɗari ga masu cin giram 450 na dafaffiya ko fiye a rana, musamman a yankin Indiya da Bangaladash da Pakistan. A tuna gwangwaninmu ɗaya in ya dahu ya kusa wannan adadin, kuma wasu sau biyu suke cin sa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farar shinkafar da aka goge tas kusan sitaci ce zalla, an cire dusar da ke rage mata gudu. Tana shiga ciki ta narke ta zama sukari a jini cikin ɗan lokaci, jiki ya sako sinadarin insulin da yawa don ya kwashe shi, bayan awa biyu ko uku yunwa ta dawo. A ma'aunin saurin ɗaga sukari, inda zallar gulukos ke da maki 100, farar shinkafa tana wajen 73, farin burodi 75. Mai aikin ƙarfi tsokarsa na zuƙe sukarin nan take. Mai zama kuwa, shekara da shekaru ana wannan hawa da sauka, jiki yakan gaji.

A nan muna da wata gata da ba mu cika sanin darajarta ba, wato guma. Matan Kura da ke gumar shinkafa suna yin aikin da ke canza ƙwayar tun daga cikinta. Ana wanke shanshera a kwashe ƙaiƙayi da marar ƙwaya da suka taso sama, a jiƙa ta a ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba ta kwana, a tsame, a turara ta da ɗan ruwa a gindin tukunya ko duro har ɓawon ya fara tsagewa, a baza a kan leda ko daɓen siminti ta sha iska, sannan a kai inji. Zafin da danshin suna tura wani kaso na bitamin da ke cikin dusa zuwa cikin ƙwayar, sitacin kuma ya dahu ya sake daskarewa ya yi tauri. Shi ya sa gumammiyar shinkafa take warwarewa in ta dahu, take kuma narkewa a hankali a ciki, ba ta ɗaga sukari da sauri kamar wadda ba a guma ba. Kalorinta dai bai ragu ba, kada a ruɗu. Inda aikin ke ɓaci sananne ne: in an jiƙa ta a ruwan sanyi ta daɗe sai ta yi tsami ta yi wari, in ruwa ya yi yawa a duro ta ƙasa dahuwa take yi maimakon turaruwa sai launi ya bambanta, in an shanya a ƙasa tsakuwa ta shiga, in kuma an bar ta a tsakar rana mai zafi ta bushe farat ɗaya sai ƙwayar ta tsattsage ta karye a inji. Gara a fara da rana a ƙarasa a inuwa.

Darajar guma an gano ta ne ta hanya mai ciwo. A ƙarshen ƙarni na 19, da injinan goge shinkafa suka yaɗu a Asiya, cutar beriberi mai kashe ƙafafu da raunana zuciya ta addabi sojoji da ma'aikata da fursunoni, saboda an goge bitamin B1 an zubar da ita tare da dusa. Likitan sojan ruwan Japan, Takaki Kanehiro, ya kawar da ita daga jiragensu a shekarun 1880 ta hanyar canza abinci, har da haɗa shinkafa da sha'ir. A ƙasar da yanzu ake kira Malesiya kuma aka lura cewa masu cin gumammiya ba sa kamuwa kamar masu cin fara. Saboda haka 'yar Hausar nan mai ɗan duhu, wadda ake gani da ragowar jan fata a jikinta, ta fi wadda aka goge har tana ƙyalli amfani, ko da kasuwa ta fi ba mai ƙyallin kuɗi. In za a kai casa don cin gida, a ce wa mai inji kada ya goge ta da yawa.

Akwai al'adar tafasa shinkafa a tace a wanke ta da ruwan sanyi "don a cire sitaci". Ƙwayar kanta kusan kashi 80 cikin ɗari sitaci ce, abin da ke fita a farin ruwan nan ɗan kaɗan ne na bayanta, bitamin ce ta fi bin ruwan. A tsince, a rege, a wanke sau biyu, a dafa da ruwan da za ta shanye, ya wadatar.

Shinkafar tuwo ita ce aka fi buƙatar hattara da ita. Ba a guma ta ba, ana dafa ta har ta yi luguf, a tuƙe, a haɗiye ba tauna. Duk waɗannan suna ƙara mata saurin zama sukari, kuma malmala biyu na wucewa kafin ciki ya ba da labari. Waina da sinasir sun ƙara da sukari a ƙullu da mai a kowane gurbin tanda. Ba haramta su ake yi ba. Mai son rage nauyi ya tsaya a malmala ɗaya madaidaiciya, ya yawaita miya, miyar kuma ta kuka ko kuɓewa ko zogale ko taushe mai ganye da yawa, wadda mai bai kwanta a kanta ba. In ya kwanta, a sa ludayi a kwashe kafin a zuba.

Ga babba mai zaman wuri ɗaya da ke son tumbi ya sauka, rabin gwangwani a zama ɗaya ya isa, giram 75 ke nan, kalori 270, in ta dahu kamar dunƙulen hannu da ɗan ƙari. Ido zai raina ta, don haka dole a cike gurbin, in ba haka ba kwana uku za a yi a koma ruwa. Abu na farko wake. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, amma a garau-garau sai ka riƙa neman ƙwayarsa cikin shinkafa. A mayar da shi ɗaya da ɗaya, gwangwanin wake ga gwangwanin shinkafa. Kalorin wake bai gaza na shinkafa da yawa ba, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya ninka nata sau uku, ga harza mai yawa, wato ɓangaren abincin da ba ya narkewa a ciki, shi ya sa yake riƙe ciki har yamma kuma yake rage wa shinkafar gudu. A jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan, a fara dafa shi har ya yi rabin nuna kafin a zuba shinkafa. Jiƙon yana rage kumburin ciki, yana kuma rage buƙatar kanwa, wadda in ta yi yawa take lalata bitamin B1. Wanda bai saba ba ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu.

Sai ganye, kuma rabin kwanon ya kamata ya zama nasa. Da rani ga kabeji da latas da tumatir da albasa da kokwamba a bakin gona, da damina ga zogale da rama da tafasa da alayyahu. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli abinci ne mai kyau ƙwarai, in dai ba a malala masa mai da sukari ba. A fara cin kwaɗon da ɗan kifi ko ƙwai ko wake, shinkafa ta zo daga baya, domin an gwada an ga wannan jerin yana rage hawan sukari bayan cin abinci. Kifin kogin Haɗeja, ɗanye ko banda, in an yi romonsa ko an gasa, ya fi soyayye. Mai kuwa a daina tsiyaya shi daga bakin jarka. A auna da cokali, ɗaya ga kowane babba. Dafa-duka ta fi wuyar sha'ani don man a ɓoye yake, saboda haka tun a tukunya za a ƙirga: gida mai manya shida, cokali shida zuwa takwas.

Cin tarayya yana da albarka, amma yana ɓatar da lissafi. A ciyayyar ƙofar gida, inda kowane magidanci ake fito masa da kwanonsa a ci wannan a janyo wancan, mutum na iya cin tuwo uku bai sani ba. Mai fama da nauyi ko suga ya zauna da jama'a yadda ya saba, amma ya ɗebi nasa a ƙaramin kwano tun farko, in ya ƙare ya wanke hannu. Babban cin ya zama na rana, na dare ya yi sauƙi. Bayan an ci kuma a taka na minti goma zuwa sha biyar, ko zuwa masallacin da ya fi nisa ne, mace kuma ko zagayen tsakar gida da shara, don tsokar da ke motsi tana janye sukari daga jini.

Ana yaɗa cewa shinkafar da ta huce ta kwana ba ta sa ƙiba. Gaskiya ne sanyi yana mayar da wani ɗan kaso na sitacin ya ƙi narkewa, amma ragin kaɗan ne, kuma a firji ake nufi. A garin da ba wuta, barin shinkafa a tukunya cikin zafin bazara haɗari ne. Akwai ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, in shinkafa ta daɗe da ɗumi sai ta hayayyafa ta saki dafi, dafin kuma ɗumame ba ya kashe shi, amai da gudawa ke biyo baya, yara ne kuma suka fi jigata. A dafa daidai ci. In ta yi saura a baza ta a faranti ta huce da wuri, a cinye cikin 'yan awanni.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yanke shinkafa gaba ɗaya a koma shayi da burodi da taliya da Indomie, waɗanda ba su fi ta da komai ba, ga sukari cokali uku ko huɗu a kofi. Wani kuma ya bar duk wani abu mai sitaci, cikin mako guda ya ga kilo biyu sun tafi, ya yi murna. Yawancin wannan ruwa ne, domin jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwan da ya ninka shi kusan sau uku. Ranar da ya koma cin shinkafa ruwan ya dawo, sai ya ce ga shi ta sa shi ƙiba a kwana biyu. Kitse ba ya zuwa haka, ba ya tafiya haka. Ragi mai ɗorewa rabin kilo ne a mako, abin da ke buƙatar rage kalori wajen 500 a rana. Cire cokali biyu na mai da kwalbar lemo ɗaya kaɗai ya ba da 440, ba a ma taɓa shinkafar ba.

Ba kowace cikar jiki ce daga abinci ba. Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, da wasu 'yan mata da amare ke sha don su yi jiki, sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, mai kumbura fuska da ciki, mai jawo suga da hawan jini da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, ta je asibiti a sauke ta a hankali. Ƙafar da ta kumbura, in an danna yatsa ya bar rami, ruwa ne, yana iya zama daga zuciya ko ƙoda. Haka wanda ya ga yana ramewa ba dalili, ga ƙishirwa ga yawan fitsarin dare, kada ya ɗauka sa'a ya yi, alamar suga ce.

Duk wannan ragin na manya ne masu nauyin da ya wuce kima. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Jigawa da Kano sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaro da mai ciki da mai shayarwa da ɗan ƙwadago ba a rage musu shinkafa ko mai, ƙara musu wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono ake yi. Cokalin man da aka janye daga kwanon maigida, a kwanon yaron da aka yaye ya kamata ya sauka.

Wanda yake son sanin ko maganar ta shafe shi ba sai ya nemi sikeli ba. Ya sami igiya ya yanke ta daidai tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya kewaya cikinsa da ita a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, yana tsaye, bayan ya saki numfashi, ba tare da ya shanye ciki ba. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, ko da sauran jikin siriri ne. Da tef ɗin tela kuwa, namiji ya tsaya ƙasa da santimita 94, mace ƙasa da 80. Wanda ya haura, ko ya wuce shekara arba'in, ko akwai mai suga a danginsa, ya je a gwada sukarin jininsa da safe kafin ya karya. A ma'aunin da ake rubutawa mg/dL, daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama in an maimaita an sake samu ciwon ne. Wanda kuma ya riga ya fara shan maganin suga ko allurar insulin, kada ya zabge shinkafarsa rana ɗaya sai ya yi shawara da ma'aikacin lafiyar da ke duba shi, domin in abinci ya ragu magani bai ragu ba, sukari na iya faɗuwa ƙasa har mutum ya yi gumi da rawar jiki ya suma.